Kalmar "Bank": Banki Ne Ko Bakin Kogi?

'Yan uwa ɗalibai, kalmarmu ta wannan mako ita ce "bank". Kowa zai ce ai ya san ta, wurin ajiye kuɗi ne, tunda Hausa ma ta are ta ta ce banki. To amma idan jarrabawa ta zo aka ce Makera tana "south bank" na Kogin Kaduna fa? Duk wanda ya rubuta cewa akwai banki a cikin kogi ya zubar da makinsa. A nan ana nufin gaɓar kogi ta kudu, inda muke zaune.

Da muka duba ƙamus sai muka ga ashe kalmomi biyu ne, kowace da hanyar da ta bi ta shigo Turanci, amma rubutunsu ɗaya.

Ta kuɗi daga Italiyanci ta fito, "banca", wato benci. Sama da shekara 600 da suka wuce, 'yan canji a biranen Italiya sukan kafa benci a kasuwa, su baza kuɗin ƙasashe a kai suna canji suna ba da rance. Kusan dai yadda masu POS suke kafa tebur da lema a Kakuri. Sannu a hankali sunan bencin ya koma sunan sana'ar. Daga nan ma aka samu "bankrupt", mai karayar arziki, daga "banca rotta", karyayyen benci. Ana cewa idan ɗan canji ya kasa biyan mutane, bencinsa ake karyawa. Mu dai wannan ta fi burge mu! A ƙasarmu, bankin da ake kira First Bank yanzu an buɗe shi a Legas a 1894. "Blood bank" na asibiti shi ma jikan wannan ne, sai dai jini ake ajiyewa.

Ta kogi kuwa daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ta zo, su Norway da Denmark, inda "bakki" ke nufin tudu ko gaɓa. Ta yi kama da "baki" namu na bakin kogi, amma ba 'yan uwa ba ne, dace kawai aka yi. Sai dai kamar za ta taimaka mana wajen hadda.

Ga aikin gida: "The river overflowed its banks in August." Wace "bank" ce a nan, kuma wace kalma ce a jimlar ta nuna maka? A miƙa amsa ga sakataren kulob kafin ranar Juma'a.