Kada Ka Sa Wa Sauti Kwaɗo

 Ɗana, saƙonka daga Warra ya iso. Ka ce manhajar da kake haɗawa don naɗar wa'azi da waƙoƙin biki tana aiki, sai dai jefi-jefi muryar takan yi ƙas, har ka fara zargin wayarka. Wayar ba ta da laifi. Matsalar tana wurin kwaɗon da ka sa tsakanin zaren da ke karɓar sauti da zaren da ke adana shi, wato sassa biyu na manhajar da ke aiki a lokaci guda.

Fara da lissafi. Na'ura tana ɗaukar ɗigon sauti 48,000 a kowace daƙiƙa. In tana miƙo maka su 256 a kowane zuwa, milisakan 5.3 kawai gare ka kafin na gaba su iso. Zaren adanawa kuwa yakan ɗauki ninkin wannan yana rubutu a faifai. Idan shi ke riƙe da kwaɗo a lokacin da sauti ya ƙwanƙwasa, dole zaren sauti ya tsaya. Tsayuwar nan ita ce ƙas ɗin da kunnenka ke ji.

Manya ma abin ya taɓa su. A watan Yuli na 1997 na'urar Pathfinder ta hukumar NASA ta sauka a duniyar Mars, sai kwamfutarta ta riƙa kashe kanta tana tashi. Da aka bincika, ƙaramin aiki ne ya riƙe kwaɗo, matsakaitan ayyuka suka hana shi samun damar saki, babban aiki kuma yana can yana jira. Sai daga nan duniya aka aika gyara. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Maganin shi ne rumbun zobe marar kwaɗo. Ka ɗauka an jera kwanduna a zagaye a bakin ruwan Warra. Masunci yana zuba kifi kwando bayan kwando, mai banda tana biye da shi tana kwashewa. Kowannensu yana da sandarsa. Shi yakan kafa tasa inda zai zuba na gaba, ita takan kafa tata inda za ta ɗiba. Kowa na iya duban sandar ɗan'uwansa, amma ba mai taɓa ta wani. In sandunan sun haɗu a wuri ɗaya, babu kifi ke nan. In saura kwando ɗaya tasa ta cim ma tata, zobe ya cika. Ba gardama, ba jira. Leslie Lamport ya nuna ingancin irin wannan tsari tun ƙarshen shekarun 1970, bisa sharaɗi guda: mai zubawa ɗaya, mai ɗiba ɗaya. Ranar da ka ƙara na uku, lissafin ya rushe.

Ga inda nake so ka natsu sosai. Ka gama zubawa tukuna, sannan ka matsar da sanda. Da baki abin kamar wasa ne, amma kwamfuta ba kullum take bin jerin da ka rubuta ba. Manhajar da ke fassara rubutunka da furosesar kanta sukan sauya jerin ayyuka don neman sauri. Furosesar x86 ta kwamfutar tebur tana rufa wa mai sakaci asiri, amma ARM da ke cikin wayoyin Android ba ta da wannan kawaici. Tana iya nuna wa mai ɗiba cewa alama, wato sandar nan, ta matsa alhali sautin bai gama sauka ba, ya kwashi shara. Kalmar volatile ba ta hana wannan. Tun 2011 harshen C++ ya tanadi std::atomic: ka matsar da alamarka da release, ka karanta ta ɗan'uwanka da acquire. In ka kiyaye wannan, rabin wahalarka ta ƙare.

Sauran ƙanana ne, amma kada ka raina su. Girman zoben ya zama ninkin biyu-biyu, kamar 4,096, don komawa farko ya yi sauƙi. Wannan zai riƙe maka kusan milisakan 85, in kuma faifan wayar yana da nawa sai ka ƙara. Ka raba alamomin biyu da tazarar bayit 64 don kada su zauna a layi ɗaya na ma'ajiyar furosesa suna jan juna. Ka tanadi duk wurin ajiya kafin a fara naɗa. A cikin zaren sauti kada ka nemi sabon wuri, kada ka buɗe fayil, kada ka buga saƙo.

Ka kuma yanke tun yanzu abin da za ka yi ranar da zobe ya cika ko ya ƙare, don ranar tana tafe. In ya cika, ka zubar da abin da bai samu wuri ba, ka ƙirga shi, ka wuce. In ya ƙare lokacin saurare, ka aika shiru. Ƙirgen nan shi zai gaya maka ko zoben ya yi kaɗan.

Na san zuciyar saurayi tana son ya gina komai da hannunsa. Ka gina naka don ka koya, amma wanda za ka ba mutane, ka fara karanta na PortAudio, aikin Ross Bencina da Phil Burk, da na JACK wanda Paul Davis ya assasa. Shekaru sun gwada su, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Bayan haka ka gwada manhajar a wayar da ta fi kowace rauni a gidanku, ka bar ta tana naɗa tun daga Azahar har Magariba, sannan ka duba ƙirgen.

Allah ya yi maka albarka, ya sa wa aikin hannunka amfani. Ka gaishe da mahaifiyarka.

Kawunka.