Yaushe Za A Ce Mahayi Ya Fita Daga Koyo?

Ko wane fanni na sani yana da matakai. Yaro a makarantar allo ya kan fara da babbaƙu, sa'an nan farfaru, kana ya shiga bin aya shi kaɗai, kuma malaminsa ba ya ciyar da shi gaba don ya daɗe a gindin allo, sai don abin da ya ji daga bakinsa. Hawan doki ma haka ya ke. Akwai ɗan koyo, akwai matsakaici, akwai gwani. Gwani ba ya ɓuya, wanda ya fara hawa jiya shi ma ba ya ɓuya. Inda wuya ta ke shi ne rarrabe ɗan koyo da matsakaici, gama nan ne samari su ka fi ruɗin kansu, nan ne kuwa a ke samun karaya da targaɗe, da dawaki masu ɓataccen baki.

Galibi abu uku mutane su kan kafa hujja da su. Wani ya ce shekararsa biyu yana hawa, wani ya ce bai taɓa faɗuwa ba, wani kuwa ya ce ai har sukuwa ya ke yi. Na farko ba ya bukatar dogon jawabi, don mutum ya iya yin shekara biyu yana maimaita kuskure guda. Sukuwa kuwa aikin doki ce, kowa ya sake masa linzami ya zungure shi da ƙaimi, zai ruga. Maganar rashin faɗuwa ita ce ta cancanci a tsaya a kanta, sabo da irin kayan hawanmu.

Ka dubi sirdin Hausa. Gabansa a tashe, bayansa a tashe, mahayi yana zaune a tsakani kamar an dasa shi cikin turmi. Likkafa kuma faffaɗa ce, tafin ƙafa duka ya kan kwanta a cikinta. Mayaƙan dā sun so shi haka domin kada karo ya tumɓuke su, kuma lalle ya yi musu amfani. Amma ga mai koyo wannan sirdi ya kan rufe masa asiri. Sirdin ne ke riƙe da shi, shi kuwa yana tsammani shi ke zaune. A aza masa sirdin Turawa, wanda ya ke kusan shimfiɗe, a ga ko zai kai ƙofar gari.

To, abin da sirdi ya ɓoye, linzami shi ke tonawa. A bakin doki, tsakanin haƙoran gaba da matauna, akwai wani fili marar haƙori, dasashi ne kawai bisa ƙashi, nan ƙarfen linzami ya ke kwanciya. Linzaminmu na gargajiya yana da wani harshe na ƙarfe wanda ke tashi ya taɓa ganɗa in an ja, da zobe wanda ya kewaye muƙamuƙin ƙasa. A hannun gwani, motsin yatsa biyu ya isa ya tsai da ingarma. Ɗan koyo kuwa, da ya ji zai goce, ba abin da ke kusa da shi sai kamazuru, watau igiyar linzami, sai ya rataya nauyinsa a kanta kamar mai jan guga. Dokin ba ya san tsoro ne ya kama yaro ba, shi dai ya ji an ba shi umurni mai zafi, a lokaci guda kuwa duga-dugan yaron sun maƙe cikinsa suna cewa ya tafi. Umurni biyu masu saɓa wa juna ke nan. Daga nan ne doki ya kan koyi fizgar kai, da buɗe baki, da tutsu, har wata rana bakin ya mutu, a ce dokin ba ya jin linzami.

Sabo da haka, a ganina, mahayi ya fita daga koyo ran da zamansa ya rabu da hannunsa, watau cinya da ƙugu su ke riƙe da shi bisa sirdi, hannu kuwa ya zama ba shi da wani aiki sai magana da bakin doki. Mai son ya gane wannan kada ya dubi rawani ko zaman ƙasaita, ya dubi dokin. In kansa a natse ya ke, baki a rufe, wuya a sake, wutsiya ba ta kaɗawa don fushi, to, na bisa ya san abin da ya ke yi. In kuwa an ga jini a gefen baki, ba sauran tambaya.

Gwada wannan ba wuya. A sami fili mai yashi da doki mai hankali, a sa masa ragama da doguwar igiya, malami ya tsaya tsakiya yana riƙe da ita, dokin yana kewaya shi. A ce wa mahayi ya saki kamazuru ya harɗe hannuwansa a ƙirji, a yi tafiya, a yi sassarfa. Sa'an nan ya fid da ƙafafunsa daga likkafa, a sake. Wanda ya kai, zai zauna daram, ƙugunsa yana bin motsin bayan doki. Wanda bai kai ba, kafin a kewayo sau biyu za ka ga hannunsa ya cafki gaban sirdi. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya akwai tsohuwar makarantar hawa wadda ta shahara a duniya, can ɗalibi ya kan yi watanni da yawa a kan igiya haka, ba linzami ba likkafa, kafin a yarda ya taɓa bakin doki.

Bayan zama, sai a dubi yadda ya ke sauya tafiya. Tafiyar doki iri-iri ce, kunne ma ya kan rarrabe su. Tafiya ta sannu bugu huɗu gare ta, ko wace ƙafa tana sauka ita kaɗai, a kan ci kamar mil 4 a sa'a guda. Sassarfa bugu biyu ce, ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagun suna sauka tare, sa'an nan sauran biyun, a kan ci kamar mil 8. Ƙaramar sukuwa bugu uku, cikakkiyar sukuwa kuwa ta koma huɗu, doki mai ƙarfi ya kan kai mil 25 ko 30 a sa'a, ko da ya ke ba ya daɗewa a haka. Hawa daga wannan tafiya zuwa ta bisanta kowa ya iya. Saukowa ita ce jarrabawa. A ja layi a ƙasa, a ce ya taho da ƙaramar sukuwa, ya sauko sassarfa a gindin wancan itace, ya tsaya cak a kan layin. Matsakaici zai fara shiri tun da nisa, ya zauna sosai, ya miƙe bayansa, kana ya matsa yatsunsa, da doki ya amsa sai ya sassauta. Wannan sassautawa ita ce ladan doki, da ita ya ke gane ya yi daidai, ɗan koyo kuwa kullum ita ya ke mantawa. Haka kuma a ƙaramar sukuwa, in za a karkata dama, ƙafar gaba ta dama ce ya kamata ta riƙa jagora. Matsakaici ya kan ji a jikinsa in doki ya ɗauki ƙafar da ba ita ba, ba sai ya leƙa ƙasa ba.

Masu ƙwallon dawaki, watau holo, sun daɗe da sanin wannan. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya ɗaukaka wasan a Katsina, ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gaje shi har 1981, ya yi suna ƙwarai a cikinsa. A wannan wasa sanda a hannun dama ta ke, kamazuru a hagun, mahayi kuwa ya kan zuro rabin jikinsa waje don ya bugi ƙwallo. Wanda ke dogara ga linzami ba shi da wurin shiga. Sun kuma yi dabara mai kyau, ko wane ɗan wasa a kan ba shi lamba gwargwadon iyawarsa, daga 2 ƙasa da sifiri har zuwa 10, kuma ba shi ke ba kansa ba, waɗansu ne da su ka ga wasansa su ke yankewa. Ina ganin ya kamata mu ari wannan, kada saurayi ya zama alƙalin kansa.

Akwai kuma gwaji wanda ba a yinsa a fili ɗaya. Doki dabba ce mai son 'yan'uwanta da turkenta. Yaro ya iya fita kilisa cikin ayari har wata shida, alhali dokinsa bin na gaba kawai ya ke yi. A ce masa ya ware shi kaɗai ya nufi gabas sa'ad da saura su ka yi yamma, ko ya wuce ƙofar barga ba tare da dokin ya kutsa ciki ba, nan a ke sanin wane ne mai iko. A kuma ba shi dokin da bai saba da shi ba, mai hankali dai, gama wanda ya iya doki guda tak, dokin ne ya iya shi.

Mafi nauyi duka shi ne abin da ya ke yi sa'ad da doki ya firgita. Ran hawan Salla akwai tambari da kakaki da algaita, ga 'yan bindiga, ga jama'a maƙil hagun da dama, da yara a gaba-gaba. In doki ya yi tabarya, watau ya miƙe bisa ƙafafun baya, abin da ya wajaba shi ne mahayi ya karkato gaba, ya sake linzami sarai, in ya so ya rungumi wuya, da ƙafafun gaba sun sauka ya kora shi gaba. Ɗan koyo kuwa baya ya ke yi yana ja, har ya rinjayi dokin ya kifo a kansa, gaban sirdin nan mai tsini ya same shi a ƙirji ko ciki. Wannan ba abin da za a jarraba da gangan ba ne. Sai dai malami ya lura da yaro a ƙananan firgici, in mota ta wuce ko tsumma ya tashi cikin iska: hannunsa ya ɗaga sama ya fizga, ko kuwa ya zauna a inda ya ke?

Aikin ƙasa ba sai na tsawaita ba. Wanda bara ke ɗaura wa sirdi kullum bai fita koyo ba. Ya san ɗaura majayi, ya sake duba shi bayan an ɗan taka, don ya kan saki. Ya duba kofato da bayan doki ko akwai miki. Ya san zuciyar lafiyayyen doki a huce tana bugawa kamar sau 28 zuwa 44 a minti guda, in ta zarce haka da yawa ba a yi gudu ba, ba ranar hawa ba ce.

Yaron da ya ci waɗannan duka, a iya sa shi cikin tawaga ran Salla, a tsakiya, bisa dokin da ya saba da ganga, da zagi a gefensa. Jahi kuwa, inda a ke tahowa a guje a ja birki gaban Sarki, a bar masa sai baɗi ko baɗin baɗaɗa, kuma a fara koya masa shi a filin da ba kowa.