BAYAN ZAZZAƁIN JEGO: KULA DA ZUCIYARKI

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata cuta ce da likitoci ke kira sefsis, da kuma abin da take bari a jiki bayan an warke.

Sefsis na faruwa ne idan ƙwayoyin cuta suka shiga jiki, jikin ya tashi yaƙarsu da ƙarfin da ya wuce kima, har ya fara lalata ƙoda da huhu da zuciya. Ga mai jego, ƙwayoyin sukan shiga ta mahaifa: bayan doguwar naƙuda, ko faya ta fashe tun da wuri, ko guntun mabiyiya ya saura a ciki, ko ɓari, ko ta wurin ɗinkin tiyata. Alamunta su ne zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, ciwon mara, jinin biƙi mai wari, numfashi sama-sama, raguwar fitsari da ruɗewa. Wadda ta ga haka a kai ta asibiti a ranar, kada a tsaya sayen magani a kemis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2017 mutum kusan miliyan 49 suka kamu da sefsis, kimanin miliyan 11 suka rasu.

To, wadda Allah Ya tashi kafaɗunta fa? A da, da an sallame ta sai a ɗauka magana ta ƙare. Yanzu an gano ba haka ba ne. Wani bincike da aka buga a ƙasar Suwidin a 2017, a kan maza fiye da 200,000, ya nuna cewa a shekarar farko bayan sefsis ko ciwon huhu mai tsanani haɗarin ciwon zuciya da jijiyoyin jini ya ninka sau shida, daga baya ya riƙa raguwa, amma ko bayan shekara biyar bai koma daidai ba. Wani kuma a Amurka a 2023, mai mutum sama da miliyan biyu, ya samu cewa waɗanda suka yi sefsis sun fi sauran marasa lafiya komawa asibiti saboda zuciya da kashi 43 cikin ɗari. Yawancin waɗannan manya ne masu shekaru, don haka kada lissafin ya firgita ki. Amma dalilin da ke kawo matsalar ya shafi kowa: cutar tana ƙona bangon jijiyoyin jini daga ciki, tana sa jini saurin daskarewa, tana kuma gajiyar da naman zuciya. Jinin mai jego kuwa dama yana da saurin daskarewa a makonni shida na farko.

Wa ya fi shiga haɗari?

Likita ba ya duba ƙasa, amma akwai abubuwan da yake tambaya don ya ƙiyasta. Shin an kwantar da ke a ɗakin kulawa ta musamman? Ƙodarki ta taɓu lokacin ciwon? Bugun zuciyarki ya rikice? Kina da ciwon suga, ko ƙiba, ko shekarunki sun ja? Babbar tambaya a wurinmu ungozomomi ita ce ta hawan jini. Macen da ta yi hawan jinin ciki mai kumburi, ko jijjiga, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki a gaba yakan ninka mata kusan sau biyu, ko da jinin ya sauka bayan haihuwa. Idan sefsis ta haɗu da wannan, nauyi biyu ke nan a kan zuciya ɗaya.

Duk amsoshin nan suna cikin takardar sallama. Shi ya sa nake roƙonki ki adana ta kamar takardar gona. Ki ce wa likita ya rubuta sunan ciwon a fili, ki kuma nuna ta ranar da kika je awon ciki na gaba.

Akwai kuma abin da ya keɓanci ƙasarmu ta Zazzau. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazari a Zariya a kan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta yawan abin da kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Iyayenmu, na san don ƙauna kuke yi. Amma ga wadda ta tashi daga sefsis ko hawan jini, ra'ayina shi ne a bar kanwa baki ɗaya, a yi wanka da ruwa mai ɗumi, a rage gishiri da dunƙule a miya. Kunun gyaɗa da ƙwai da wake da zogale sun ishe ta.

Ba sai kin zo Shika ba kafin a auna miki jini. Asibitin Ikara, ko na Maƙarfi, ko na Hunƙuyi, ko ƙaramin asibitin da ke kusa da ke, duk suna da abin awo. Ki je a kwana na uku, da mako na biyu, da mako na shida, wato daidai fita arba'in. Bayan nan ki ci gaba da awo ko da sau biyu a shekara, ki rubuta lambar a bayan kati. Idan ta kai 140/90 ko ta wuce, ki ga likita, kuma idan an ɗora ki a kan magani kada ki daina don kin ji sauƙi. Ki guji shan magungunan ciwon jiki barkatai, wasunsu na cutar da ƙoda. Maigida, ko lokacin saran rake ne ko kwasar tumatir, wannan awon bai kai rabin awa ba.

Alamun da ba a kwana da su a gida: haki idan kin kwanta har sai kin tara matasai, tari da dare, kumburin ƙafafu da fuska, ciwon ƙirji, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Idan kuma baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, jijiya ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. A yi addu'a a cikin mota, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu domin tana iya shaƙewa, kuma a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, don likita zai tambaya.