Shaihu Umar: Daga Littafi Zuwa Majigi

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a duba abin da ke samun labari idan aka ɗauke shi daga takarda aka kai shi majigi. Misalin da na zaɓa shi ne Shaihu Umar na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran da suka fito daga gasar da Dokta R. M. East ya shirya a nan Zariya cikin 1933, tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. An buga shi cikin 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga cikin 1975, sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa cikin 1976. Ke nan fim ɗin jika ne ga littafin, ba ɗa ba, kuma wajibi ne mai kwatanta su ya riƙe wannan.

Zubin labarin bai sauya ba. A duka biyun almajirai ne ke tambayar malaminsu asalinsa, shi kuwa ya shiga ba su tarihinsa: haihuwarsa a Kagara, makircin da fadawa suka ƙulla wa Makau mijin uwarsa har aka kore shi, sace shi yana yaro, zuwansa Kano cikin bayi, da yadda Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ɗa ya tafi da shi ƙasar Masar, inda ya yi karatu har ya zama limami.

Inda suka rabu shi ne wajen murya. A littafin kome ta bakin Shaihu yake fitowa, dattijon da ya riga ya tsira, ya kuma sallama wa ƙaddara. Abubuwan da yake faɗi masu ban tsoro ne ƙwarai: harin bayi, yaro shi kaɗai a daji bayan kura ta halaka wanda ya sace shi, uwa ta fita neman ɗanta a yaudare ta a sayar, guguwar rairayi ta binne ayari. Amma yana faɗinsu ne a natse, cikin gajerun jimloli, kamar mai ba da labarin tafiya kasuwa. A ganina nan ne ƙarfin littafin yake. Mai karatu yana jiran Shaihu ya yi kuka ko ya la'anci wani, bai yi ba, sai tsoron ya koma cikin zuciyar mai karatun. Wasu manazarta suna ɗaukar wannan natsuwa a matsayin sassauci ga cinikin bayi. Ni dai ban yarda ba, domin mutuwar uwar a Tarabulus, jim kaɗan bayan ta ga ɗanta, ta fi kowace la'ana nauyi.

Majigi ba ya iya wannan kawaici. Da zarar an nuna bawa, dole a ba shi fuska da tufafi da tafiya, kuma abin da marubuci ya wuce cikin layi biyu sai ya ci mintoci. Shi ya sa ɗan ƙaramin littafin da ake karancewa a zama ɗaya ya zama fim na minti 142. Da muka kalle shi da abokan karatu a masaukinmu na Hanwa, na lura idan labari ya yi nisa sai mu manta da cewa wani ne ke ba da shi. (A Japan, inda ake mayar da labaran zane na ban tsoro su zama fim, marubucin ya riga ya zana fuskokin, gardamarsu a kan motsi da sauti take. Mu kuwa kowa da irin Shaihun da ya sawwara a ransa kafin ya ga Umaru Ladan cikin rawani.)

Sai dai fim ɗin ya warkar da wani rauni da ke cikin littafin. Shaihu yana ba da labarin abin da ya sami Makau a hanyarsa ta zuwa Makarfi, da wahalar uwarsa, filla-filla, alhali ba ya wurin. Sai mai karatu ya ɗauka uwar ce ta gaya masa, ko da yake zamansu tare bai yi tsawon da zai ɗauki wannan duka ba. Na'urar ɗaukar hoto ba ta bukatar wannan uzuri: tana bin wanda ta ga dama, ba mai tambayarta inda ta ji.

Shekaru da dama wannan kwatanci bai yiwu ga ɗalibi ba, don an ɗauka fim ɗin ya ɓata. Sai cikin 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara su, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin cikin 2018. Ina roƙon malamanmu, in an zo darasin ƙagaggun labarai, a riƙa haɗa littafin da wasan da fim ɗin a zango ɗaya.