Kafin Ka Sake Yi wa Soja Waƙa

Ɗana, waƙar da ka tsara wa sojojin da ke fafatawa a Borno ta yi daɗin kunne, amsa-amonta bai karye ba ko sau ɗaya. Sai dai tun daga farko har ƙarshe zakuna da giwaye na yi ta gani, ban ga ɗan Adam ba. Ina yaron da ya kwana cikin rami da jiƙaƙƙen takalmi, yana tunanin matar da ya bari da tsohon ciki?

Kirari ba laifi ba ne. Malam Sa'adu Zungur ma ya yi Maraba da Soja don tarbar waɗanda suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sun cancanta. To amma kai da ke zaune a Legas, ka taɓa tambayar daga ina barikin Arakan na Apapa da barikin Myohaung na Yaba suka samo sunayensu? Wurare ne a ƙasar Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945. Akwai 'ya'yan Hausawa birjik a cikinsu. Wasu ɗaukar kaya ne aikinsu, akwatin harsashi a ka, suna hawan duwatsu cikin surƙuƙin daji, matsattsaku na shan jininsu, zazzaɓi da atini na kayar da wanda bindiga ta bari. Wannan ma yaƙi ne, kuma waƙa na iya ɗaukarsa.

Kada ka ce raunana zuciya ne. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo mayaƙi ne da ya ga yaƙin Tabkin Kwatto da idonsa a 1804, duk da haka a Tazyinul Waraƙat ya yi kukan abokansa da suka kwanta dama a Alwasa a 1805. A Ingila kuma akwai Wilfred Owen, hafsan da ya siffanta a waƙa yadda iskar guba ke shaƙe soja. An kashe shi ranar 4 ga Nuwamba 1918, saura mako guda a tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Na san wani tsoho a nan Zangon Agege da ya yi yaƙin basasa. Yana cikin waɗanda aka tura su tsallaka Kwara daga Asaba zuwa Anaca a watan Oktoba 1967, inda ruwa ya ci mutane da yawa. Idan yara suka fara fasa nakawut a watan Disamba, sai ka ga kofin shayi na rawa a hannunsa har ya zube masa a riga, ya miƙe ba sallama ya shige ɗaki. Bai taɓa ba ni labarin jarumta ba. Abin da yake maimaitawa shi ne wani yaron Biyafara da ya tarar a bakin hanya yana kiran uwarsa, da yadda ya kasa tsayawa ya ba shi ruwa. Allah ya sanyaya wa tsohon nan.

Irinsu sun kusa ƙarewa, ɗana. Ka sayi goro ka je wurinsa bayan La'asar, ka bar wayarka a aljihu. Kada ka tambaye shi mutum nawa ya harbe. Tambaye shi abin da suka ci, da wanda ya yi wa mamatansu sallah, da wanda ya kai wa iyayensu labari. In ya yi shiru, kai ma ka yi shiru. In kuma ya ambaci sunan abokinsa da bai dawo ba, ka nemi izininsa kafin ka sa shi a baiti.