Yadda Ake Faɗaɗa Hoto Zuwa Gefen Allo a Atari ST

Kwamfutar Atari ST, wadda ta fito a 1985, tana zana hoto mai ɗigo 320 a faɗi da 200 a tsaye, sauran allon kuma fili ne kawai. Domin yin zane a wannan fili, sai an yaudari guntun GLUE, wanda ke yanke inda zane zai tsaya.

Don buɗe filin ƙasa, ana sa Timer B ta ƙirga layuka. Da an kai layin ƙarshe, sai a rubuta 0 a adireshin $FF820A, wato 60Hz, sannan nan take a mayar da 2, wato 50Hz. GLUE zai tsallake lokacin tsayawa, zane ya ci gaba.

Hagu da dama sun fi wuya, domin sai an yi sauyi a kowane layi, kuma layi ɗaya zagaye 512 ne kacal na injin 68000. Jinkiri kaɗan ya isa ya wargaza hoton. A kuma tuna: cikakken layi yana cin bayit 230 maimakon 160, saboda haka dole a sake tsara hoton a ma'adana.