Darasin Kasuwanci: Alamomin Gado da Darajar Naman Shanu

A kara, ido da hannu ne ma'aunin falke. Yakan dubi tozo da cinya, ya shafa haƙarƙari, sannan ya yi tayi. Amma laushin nama, da yawan tsokar da za a samu bayan fiɗa, da kitsen da ya ratsa ta, ba a tabbatar da su sai wuƙa ta shiga. Wannan giɓi ne binciken ƙwayoyin gado ke ƙoƙarin cikewa.

Alamar gado wani ɗan bambanci ne a cikin ƙwayoyin halittar dabba wanda ke tafiya tare da wata siffa. Ana gano ta daga gashin jela ko ɗigon jini, tun dabba tana maraƙi.

Uku daga cikinsu sun shahara. A shekarar 1997 masana suka gano cewa tawaya a ƙwayar gado ta mayostatin ita ce ke ninka tsokar shanun Belgian Blue na ƙasar Beljiyam. Nama ya ƙaru, amma haihuwa ta yi wuya, har akan yi wa yawancin shanun tiyata kafin a ciro ɗan maraƙi. Ta biyu ita ce kalfen, sinadarin da ke sassauta tsoka bayan yanka, wanda cibiyar binciken dabbobin nama da ke Nebraska a Amurka ta gano alamominsa. Ta uku kuwa kalfastatin ce, mai daƙile aikin kalfen. Idan ta yi yawa, nama yakan yi tauri.

A nan ne zancen ya shafi Nijeriya. Bincike ya nuna cewa shanu masu tozo, dangin Bunaji da Rahaji da Bokolo, sun fi shanun Turai ƙarfin kalfastatin. Shi ya sa a Ostareliya tsayin tozo na cikin abubuwan da ake aunawa wajen sanya wa nama daraja.

Sai dai akwai abin lura. Alama guda kaɗan take bayyanawa daga bambancin da ke tsakanin dabbobi, kuma wadda ta yi aiki a shanun Turai ba lallai ta yi a na gida ba. Saboda haka, tun bayan wallafa taswirar ƙwayoyin halittar saniya a 2009, hankali ya koma ga gwajin alamomi dubbai a lokaci guda.

Ga mai zuba jari, gwajin ya fi riba wajen zaɓen bijimin barbara, domin shi ke yaɗa gado a garke. Mai turka kuwa, abinci da shekarun dabba da wahalar doguwar tafiya zuwa Legas su ne za su fi taɓa cinikinsa. Kafin a biya kuɗin gwaji, ya kamata a tambaya a kan wane irin shanu aka jarraba shi, kuma ko akwai mai sayen da zai ƙara farashi saboda laushin nama.